Darasi: Ɗan Fari da Kwana Arba'in na Jego

 

Darasinmu na wannan fitowa a kan haihuwar fari ne. A ajin matan aure akwai masu cikin fari, ku kuma ƙanana kuna da yayye da matan yayye. To, in ka gama karantawa ka kai gida ka karanta wa Inna da Gwaggo, domin su ne masu riƙon jego.

Ga abin da ya sa na zaɓi wannan magana. Lokacin da aka haifa mini 'yar fari, ranar kwana huɗu yarinya ta ƙi kama nono, jikinta ya ɗau zafi. Uwarta ta lura tun magariba, amma ta ji nauyin faɗa a gaban surukarta, kada a ce ta cika zumuɗin 'yar fari. Ni kuwa ina zaure ina karɓar barka, ina jin kunyar leƙa ɗaki. Sai da asuba wata ƙanwata 'yar shekara 12 ta fito ta ce, "Yaya, jaririya fa ba ta sha nono ba tun jiya." Allah ya sa da sauran kwana, muka isa asibiti a kan lokaci.

Kunyar ɗan fari al'adarmu ce: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya. Kunya hali ne mai kyau, addini ya yabe ta. Amma ku tuna Nana A'isha (R.A.) ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambaya a kan addininsu ba. Haka nan kada kunya ta hana uwa ko uba faɗin halin da jariri yake ciki, domin rai amana ne.

Na farko: haƙƙin jariri

A sa masa nono tun cikin awa ɗaya da haihuwa. Ruwan nonon farko mai kauri, mai kama da rawaya, wanda muke kira dakashi, kada a tatse shi a zubar. Shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa yaro. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a shayar da nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, domin nonon kansa akasarinsa ruwa ne. Bayan wata 6 sai a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Zuma kuwa, duk da albarkarta, a dakata sai yaro ya cika shekara ɗaya, saboda hanjinsa bai yi ƙarfin kare shi daga wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta ba.

Jariri kan sha nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, barcinsa kuma gutsi-gutsi ne. Ke uwa, in ya tashe ki sau uku ko huɗu a dare, ba nononki ne bai isa ba, cikinsa ne ƙarami. A kwantar da shi rigingine, cikin gidan sauro. Cibiya a bar ta cikin tsabta, ba toka ba ƙasa ba man goge baki, sai maganin da asibiti suka bayar, domin ta nan ciwon tetanus mai sandarar da jariri yake shiga. Cire belu ma a bar shi, yana jawo zubar jini da cuta. A kai shi a yi masa rigakafin farko: na tarin fuka, na shan inna da na ciwon hanta.

Alamomin da ba a kwana da su a gida: ƙin kama nono, zafin jiki ko sanyin jiki, numfashi da sauri, jijjiga, shawara a ido da tafin hannu, ko cibiya ta yi ja tana ruwa.

Na biyu: haƙƙin mai jego

Iyayenmu mata suna hidimar jego saboda ƙauna, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai akwai gyara. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a tsakanin matan yankin, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Kanwa tana tara ruwa a jiki kamar yadda gishiri yake yi, zafi mai tsanani kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Saboda haka a sassauta: ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda ba ya ƙona fata, kanwa a rage ƙwarai, a ba ta nama da wake da ganye da ruwan sha isasshe. In mai jego ta fara kumburi, ko haki, ko ciwon kai mai tsanani, ko zazzaɓi, ko jini ya ɓalle, sai asibiti nan take.

Ta fuskar ibada, mutane da yawa sun ɗauka sai an yi arba'in mace take komawa salla. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda muke karantawa a Risala, da zarar jinin biƙi ya ɗauke, ko da wuri ne, sai ta yi wanka ta yi salla. Iyakar daɗewarsa kwana 60 ne.

Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba. Mai jego takan sami kanta tana kuka ba dalili a kwanakin farko, wannan yakan wuce da kansa. Amma in ya haura mako biyu, ba ta barci, ba ta cin abinci, ba ta sha'awar ɗanta, to ciwo ne, kuma yana da magani. Kada a ce mata sakarci ne ko rashin godiya. A yi mata addu'a, a kai ta wurin likita.

Na uku: aikin maigida

Malam, ragon suna ba shi ne ƙarshen aikinka ba. Aƙiƙa ranar kwana bakwai ce, dabba ɗaya ta wadatar a wurin Malikiyya ko namiji aka haifa ko mace, kuma ga mai hali ne. Kada ka ci bashi don taron kwana ɗaya, washegari a rasa kuɗin magani. Ayar da na ambata ta ɗora ci da tufatar da mai shayarwa a wuyan uban yaro. Ka shiga ɗaki ka tambaye ta lafiyarta, ka karɓi yaron ta samu ta runtsa. In ta tafi wankan gida wurin iyayenta, ka riƙa zuwa, ka ajiye kuɗin mota don larurar dare. In ka ga ta yi fushi, ka tuna ba ta yi barci ba, ka yi haƙuri.

Na huɗu: ku yara

Ku ɗebo ruwa, ku yi shara da wanke-wanke. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku ɗauki jariri, mai mura kuma ya tsaya nesa. In kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku faɗa wa babba cikin ladabi, kamar yadda ƙanwata ta yi.

Tambayoyi

1. Mene ne dakashi, kuma me ya sa ba a zubar da shi?
2. Kawo alamomi huɗu da ake gaggauta kai jariri asibiti saboda su.
3. Yaushe mai jego take komawa salla?

A kawo amsa ranar Asabar. Allah ya raya mana zuriya a kan tafarkin gaskiya, ya ba masu jego lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, amin. Wallahu a'alam.