LAFIYAR TALAKAWA DA LISSAFIN LOKACINSU: DARASI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Hakimi ya san yawan mutanen ƙasarsa, malaminsa kuwa ya san gidaje da gonaki, gama duk suna cikin littafi. Amma akwai wani lissafi wanda ba a cika rubutawa ba, watau inda talaka ya ke wuni, da inda ya ke kwana, da aikin da ya ke yi a kowane wata. Masu bincike sun tabbatar cuta tana bin wannan lissafi sau da ƙafa. Ga misali uku.

1. Cin rani

A ranin 1952 zuwa 1953 aka zaunar da malamai a manyan hanyoyi, suka ƙirga masu fita daga Lardin Sakkwato. Aka sami mutum fiye da 250,000, har da waɗanda suka ratso daga ƙasar Faransa ta lokacin, watau Nijar. Wani masani Bature, R. M. Prothero, ya yi nazarin wannan lissafi. Abin lura a nan shi ne, da kaka ta wuce, ƙauye yakan koma na tsofaffi da mata da yara. Wanda ya zo neman majiya ƙarfi da rani, ya makara.

2. Feshin Birnin Kebbi

A 1954 aka fara fesa maganin sauro cikin ɗakuna a yammacin Lardin, wajen Birnin Kebbi. Zazzaɓi ya ragu, amma bai ƙare ba. Dalili ɗaya, sauro ya saba da ɗaya daga cikin magungunan. Dalili na biyu kuwa mutane ne. An fesa ɗaki, amma mai ɗakin ba kullum ya ke ciki ba. Makiyayi ya tashi da shanunsa, manomi ya tare a bukkar gona, ɗan cin rani ya komo da cutar cikin jininsa. Aka gane ba a yaƙin sauro sai an san zirga-zirgar mutum.

3. Sa'o'in manomi

A 1967 zuwa 1968 ma'aikatan bincike na Samaru, Zariya, su David Norman, suka zaɓi ƙauyuka uku kusa da Sakkwato: Takatuku, da Ƙaura Kimba, da Gidan Karma. Shekara guda ana bin magidanta ana rubuta sa'o'in aikinsu. Irin wannan bincike, nan da ƙasar Zazzau, ya nuna aiki yakan taru ya yi tsanani wajen Yuni da Yuli, lokacin noman fari da maimai.

To, ku dubi Dundaye, wadda ke maƙwabtaka da fadamar Gulbin Rima. Sa'ad da aiki ya yi tsanani, a sa'an nan ne rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Ruwa kuma ya kwanta, sauro yana ƙaruwa har ƙarshen damina. Watau wahala uku sun gamu: aiki, da ƙarancin abinci, da zazzaɓi. Yaro ya kwanta, uba ya ce bari a gama noma tukuna, gama wuni guda a asibiti hasara ce a gona. Wannan ba taurin kai ba ne, rashin sukuni ne. Amma zazzaɓin ƙaramin yaro ba ya jiran a gama maimai, cikin kwana biyu ko uku yana iya kai shi kushewa.

Saboda sanin lokacin cutar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012, a riƙa ba yara, daga 'yan wata 3 zuwa wata 59, maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata cikin damina. Ma'aikata su kan bi gida gida da shi, don kada a raba mutane da aikinsu.

4. Abin da ya wajaba

(a) Malamin Hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta wa kowane ƙauye ranar kasuwarsa, da watan fita cin rani, da watan komowa.

(b) In za a kira taron lafiya, kada a sa shi da hantsin damina ko ran kasuwa. Bayan La'asar ya fi.

(c) A tambayi ungozoma da manyan mata lokacin da matan gida su ke samun sarari, gama su ke riƙe da yaran.

(d) Dagatai da masu unguwa su gargaɗi magidanta tun da bazara, cewa yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti ran nan, ko da maƙwabci ne zai kai shi.

(e) In mutane ba su fito ba, kafin a kira su masu ƙin umurni, a bincika ina su ke a wannan sa'a.

Malam, gwada kanka: a wane wata aka fi binne yara a ƙasarku bara, kuma wane aiki mutane su ke yi a watan? In ba ka da amsa, fara rubutawa daga yau.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.