Darasi na Goma Sha Biyu: Saura Kwana Nawa Sallah?

Moss Side unguwa ce a kudu da tsakiyar birnin Manchester, a ƙasar Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen tsibiran Karebiyan suka zauna a cikinta da yawa, daga baya kuma Somalawa da 'yan Afirka ta Yamma suka biyo. Saboda haka a makarantun unguwar akwai yara Musulmi masu yawa, kuma kowace shekara iyayensu da malamansu sukan yi karo da matsala guda: yaushe za a rubuta ranar Sallah a kalandar makaranta?

Shekarar karatu a Ingila tana somawa a watan Satumba, ta ƙare a watan Yuli. An raba ta zango uku, kowane zango da hutun mako guda a tsakiyarsa, kuma yawancin makarantun gwamnati sukan buɗe wa ɗalibai kwana 190. Tun kafin shekara ta kama akan fitar da ranakun komawa da na hutun Kirsimeti da na Ista. Malama tana iya rubuta wa yara a allo cewa saura kwana ashirin a tashi, kullum da safe a rage ɗaya, ba kuwa za a yi kuskure ba.

Sallah ba ta shiga wannan lissafi da sauƙi. Shekarar Hijira ta wata ce, kwananta 354 ko 355, wato ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana goma sha ɗaya. Shi ya sa azumi yake ja da baya kowace shekara. A 2016 ya kama a farkon watan Yuni, lokacin da yini ya fi tsawo a Manchester, ɗaliban sakandare kuma suna tsakiyar jarrabawar kammalawa. A 2025 kuwa a farkon Maris aka ɗauke shi. Wannan duka ana iya ƙiyasta shi tun da wuri. Abin da ba ya tabbata sai dare ya yi shi ne tsayuwar wata, domin wata yakan yi kwana ashirin da tara ko talatin.

A Nijeriya, Sarkin Musulmi ne yake ba da sanarwa daga Sakkwato, mafi yawan jama'a su bi. A Birtaniya babu hukuma ɗaya mai wannan iko. Wasu masallatai suna bin Saudiyya, wasu Maroko, wasu kuma suna jiran a ga wata a ƙasar. A 2023 Saudiyya da Nijeriya sun yi Ƙaramar Sallah ran Jumma'a, 21 ga Afrilu, Maroko ta yi ran Asabar. Haka Musulmin Ingila suka rabu biyu. Idan irin wannan ya faɗo a tsakiyar mako, aji ɗaya yakan rasa wasu yara yau, wasu gobe. Dokar ilimi ta 1996 ta yarda yaro ya zauna gida ranar da addinin iyayensa ya keɓe don ibada, amma dole makaranta ta san ranar. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a sa kwana biyu a kalanda, a rubuta cewa sai an ga wata, a kuma kauce wa sa gwaji ko taron iyaye a cikinsu. Iyalan Moss Side da suke zuwa Idi a filin Platt Fields, kamar na Birmingham da suke taruwa a filin Small Heath, su ma jiran sanarwa suke yi.

Bahaushe yana da nasa salon ƙirgen kwanaki, ya kamata mai koyo ya riƙe shi. Bayan yau sai gobe, sai jibi, sai gata, sai citta. Ranar da ta gabaci Sallah sunanta jajibere. Ba a cewa saura rana uku, cewa ake yi saura kwana uku, domin da kwanan dare ake ƙirge. A lissafin Musulunci kuma dare ne yake gaba da yini: daren Jumma'a shi ne wanda yake shiga bayan faɗuwar ranar Alhamis. Wanda ya fassara takardar gayyata bai lura da haka ba, yana iya tara iyaye tun ana gobe taron. Shi kansa azumi an kasa shi uku a bakin mutane: goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin Sallah. Idan aka tambayi dattijo ran ashirin da tara ga wata yaushe Sallah, amsarsa ita ce, "Gobe ko jibi, in Allah ya kai mu."

Tambayoyi

1. Me ya sa azumi yake ja da baya kowace shekara?
2. Idan yau Talata ce, wace rana ce gata?
3. Yi jimla uku da kalmar "saura".