Kafin Ku Ɗaure Kaya Zuwa Gidan Marayu a Tamale

Ranar da muka fara shiga wani gidan yara a bayan garin Tamale, ban ko gama sauke jaka ba wani yaro da bai wuce shekara huɗu ba ya sheƙo a guje ya ƙanƙame mini zane. Raina ya yi fari, na sunkuya na goya shi. Kwana goma sha biyu muka yi, kullum yana bayana. Ranar komawa bai yi kuka ba, ya dai tsaya bakin ƙofa yana kallon mota. Dattijuwar da ke rainonsu, wadda kowa ke kira Mma, ta ja ni gefe ta gaya mini cikin Hausar zango cewa ni ce baƙuwa ta biyar da ta goya shi a shekarar, kuma duk wadda ta tafi sai ya yi kwanaki ba ya cin abinci, yana fitsarin kwance. Ita ke zama da shi har ya warware, sannan wata motar ta sake tsayawa.

Wannan ne ya sa nake rubuta wa matasan ikkilisiya da 'yan zumuntar mata masu shirin tafiyar bishara zuwa arewacin Ghana. Niyyarku mai kyau ce, ban kuma ce ku fasa ba. Sai dai baƙo raɓa ne, shi kuwa ƙaramin yaro bai san haka ba. Gudun da ya yi zuwa gare ni, wanda na ɗauka farin jini ne, masana rainon yara suna lissafa shi cikin alamun yaron da bai samu mutum guda da zai jingina da shi ba. Yaron da ke da uwa a kusa, in ya ga baƙuwar fuska, bayan uwar yake laɓewa.

Abu na biyu da ya kamata ku sani, yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje ba marayu ba ne ta ma'anar da muka saba. Ƙungiyoyin kula da yara na duniya sun daɗe suna kiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ke kai su: uwa ta rasu wurin haihuwa, uba ba shi da kuɗin madara, ko yarinya ta tafi Accra ko Kumasi aikin dako, irin waɗanda ake kira kayayei, ta bar jariri wurin kaka mai fama da kanta. Dagombawa, mutanen yankin Tamale, suna da al'adar riƙo mai ƙarfi kamar tamu, goggo takan ɗauki 'yar ɗan'uwanta ta raine ta har aure. Idan dangi suka miƙa yaro ga gidan marayu, galibi abin hannu ne ya ƙare, ba zumunci ba. Gwamnatin Ghana ta gane haka, shi ya sa Sashen Walwalar Jama'a ya soma shirin gyaran tsarin kula da yara wajen 2006, da nufin mayar da su hannun danginsu da rufe gidajen da ba su cika ƙa'ida ba, aka kuma yi wa Dokar Yara ta 1998 kwaskwarima a 2016 don tsara riƙo. A Disamban 2019 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ja kunnen ƙasashe kan illar aikin sa kai a gidajen marayu. Dalili shi ne, inda baƙi ke zuwa da kuɗi, akwai masu tara yara don gado ya cika.

Saboda haka tun kuna gida, fasto ko shugaban tafiya ya yi tambayoyi, kuma a rubuce. Gidan yana da lasisin Sashen Walwalar Jama'a? Yara nawa aka mayar wa danginsu bara? Ana barin uwa ko kaka ta zo ziyara? Su kansu masu gidan, sun nemi takardar shaidar 'yan sanda daga gare ku? In wuri ya buɗe muku ɗakin kwanan yara ba tare da ya san ko ku su wane ne ba, to haka yake buɗe wa kowa, har wanda ya zo da mugun nufi. A Tamale akwai gidan yara na gwamnati a unguwar Nyohini, akwai Ƙauyen Yara na SOS, akwai kuma na coci-coci da na masu zaman kansu. Ko wanne za ku je, ku fara leƙa ofishin walwalar jama'a ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku.

Aikin da zai amfane su yawanci nesa yake da goyo. Mai sana'ar kafinta ya gyara gadaje da ragar sauro ta taga. Ma'aikaciyar jinya ta zauna da masu raino su duba katin rigakafi da awon nauyi tare. Malami ya taimaki malaman wurin da shirin darasi, kada ya karɓe musu aji na sati biyu ya tafi ya bar su da ɗinkin da ba nasu ba. Sauran ku kama wanki, ku yi faskare, ku share rumbu, don Mma da abokan aikinta su samu sararin zama da yaran. Kuɗin da kuka tara kuma, ku tambayi jami'in walwala ko akwai gwauruwar da jarin man kaɗanya ko na ƙuli-ƙuli zai sa ta karɓi ɗanta. Wasiƙar Yaƙub, wadda ake yawan karanta mana kafin irin wannan tafiya, ta ambaci marayu da gwauraye a wuri guda, mu ne muke raba su.

Hoto kuma, ku bar waya a jaka. Babu wanda zai so a ɗora fuskar ɗansa da labarin talaucin gidansu a Facebook don a tara baiko.

Sai zancen addini, wanda ya fi kowanne bukatar natsuwa. Tamale garin Musulmi ne, kiran salla za ku ji daga kowace kusurwa, kuma da yawa cikin yaran daga gidajen Musulmi suka fito, can za su koma. Kada ku sauya wa yaro suna, kada ku haɗa alewa ko takalmi da addu'ar karɓar Yesu, kada ku hana mai salla sallarsa. Yaron da ke cin abinci daga hannunku ba zai iya ce muku a'a ba, amincewarsa kuwa ba shaida ba ce. Mai son wa'azi ya nemi ikkilisiyoyin garin, Katolika da Presbiteriya da Baptis da Assemblies of God duk suna nan tun da daɗewa, sun san yadda ake zama da maƙwabta. Mutanen Ghana suna tattalin wannan zaman lafiya ƙwarai. A 2019, lokacin cikarsa shekara 100, Babban Limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Katolika na Christ the King a Accra ya zauna cikin masu sujada. Bai kamata baƙon sati biyu ya zo ya yaga abin da aka daɗe ana saƙawa ba.

Ta fuskar hanya, ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi kwana 90, amma ku tafi da fasfo da katin rigakafin shawara. Daga Accra zuwa Tamale kimanin kilomita 600 ne: awa guda a jirgi, ko yini cur a motar STC ko VIP ta Kumasi da Techiman da Kintampo, a haye gadar Buipe da ta Yapei. Hanyar Burkina Faso ta Paga da Bolgatanga ku bar ta saboda tsaro. Agogonsu yana bayan na Najeriya da awa ɗaya. Ku canza kuɗi zuwa sidi, ku buɗe MoMo, wato asusun kuɗi na waya, in za ku daɗe. Cikin gari babur da keke ne sarauta, sai adaidaita da suke kira yalo-yalo.

Yanayin bai bambanta da namu sosai ba: damina daga wajen Mayu zuwa Oktoba, hunturu daga Disamba, zafi mai tsanani a Maris da Afrilu, lokacin sanƙarau ke nan, don haka ku yi allurarsa, ku kuma tafi da gidan sauro. Da rani famfo kan yi kwanaki bai kawo ba. Na ga yara manya suna turo jarkoki masu ruwan ɗorawa a baro tun da asuba, mu kuwa muna wanka sau biyu a rana, sai a kwana na uku muka gane daga inda ruwan yake fitowa. Ku sayi tankar ruwa da kuɗinku tun ranar farko.

Hausa za ta kai ku nesa, don kakanninmu fataken Gwanja sun daɗe suna ratsa ƙasar nan zuwa Salaga neman goro, suka bar zango-zango da sunayen abinci: tuwon da suke kira tuo zaafi, da waakye, da koko da ƙosai da safe. A kasuwar Aboabo da Hausa za ku yi ciniki. Amma harshen gari Dagbani ne, kuma shi yaran ke ji. Ku koyi gaisuwa: Dasiba da safe, Antire da rana, Aniwula da yamma, a amsa da Naa, ana ɗan rusunawa ga babba. In gidan yana ƙauye, ku bi ɗan gari ya kai ku gaida sarki kafin ku fara komai, da ɗan abin goro a hannu.

Ranar da za ku tafi, kada ku yi wa yaro alkawarin dawowa ko na kai shi Najeriya. Ku sanar da masu raino ranar tun da wuri don su shirya yaran. Lambar wayar da za ku karɓa ta shugaban gidan ce da ta jami'in walwala, kuma ikkilisiyarku ta yanke, tun kafin ku hau mota, nawa za ta riƙa aikawa duk wata don albashin masu raino da kuɗin makarantar waɗanda aka mayar gida.