Hoton Ciki da Gano Nau'in Ƙari a Tumbi da Hanji

Hoton ciki, wato sikanin, yana aiki ne da sauti mai ratsa jiki, kuma iskar da ke cikin hanji tana tare sautin. Shi ya sa ake umartar majiyyaci ya ƙaurace wa abinci na awa 6 zuwa 8 kafin gwajin. Wani lokaci a ba shi ruwa ya sha don tumbi ya buɗe.

Bangon tumbi hawa biyar yake fitowa a hoto, kuma hawan da ƙari ya tsiro yana nuna irinsa. Sankarar da aka fi gani tana farawa daga hawan ciki, ta kaurara bangon ba bisa tsari ba, ta shafe hawa-hawan, ta matse hanyar abinci. Wata sankarar da ake kira limfoma kan fito baƙa ƙirin, ta kumbura bango sosai, sau da yawa ba tare da toshe hanya ba, ga kaluluwa a gefe. Ƙarin da ake kira GIST daga tsokar bango yake tasowa, dunƙulalle, yakan girma ta waje. Na kitse kuwa fari yake fitowa, kuma ba sankara ba ne.

Duk wannan hasashe ne, domin tarin fukan hanji ma yakan yi kama da sankara. Tabbaci sai an zura kyamara an gutsuro nama an auna. Mai baƙin bayan gida, ko rama babu dalili, ko yawan amai, ya nemi gwajin kyamara ko da hoton ya fito lafiya lau.