Wasiƙa ga Matasa Masu Sha'awar Nazarin Kifin Kogi da Tafki

Ya ku ƙannena maza da mata,

Ku nake rubuta wa, ku da kuke karatun ilimin halittu ko na kiwon kifi a jami'o'i da kwalejoji. Galibinku in aka tambaye ku abin da za ku yi bayan kammalawa, amsar ɗaya ce: a gina tankin siminti, a zuba 'ya'yan tarwaɗa, a kwashe a sayar bayan 'yan watanni. Sana'a ce ta halal, tana kuma riƙe da gidaje da yawa. Roƙona dai shi ne a samu waɗansu daga cikinku da za su ba da ƙuruciyarsu ga sanin kifin da Allah ya zuba a koguna da tafkuna da fadamu, wanda ba mai kiwonsa. Ruwan daɗi bai rufe ko kashi ɗaya cikin ɗari na doron ƙasa ba, amma kusan rabin nau'o'in kifin duniya a cikinsa suke.

Akwai wata Baturiyar Ingila da nake so ku san tarihinta, Rosemary Lowe-McConnell. An haife ta a Liverpool a 1921. A 1945, tana 'yar shekara ashirin da huɗu, ta tafi Tafkin Nyasa, wanda yau ake kira Tafkin Malawi, don nazarin dangin karfasa da mutanen can ke kira chambo. Aikinta shiga jirgin ruwa ne tare da masunta, auna tsawon kifi, buɗe cikinsa a ga abin da ya ci, duba ƙwai a san lokacin haihuwa. Daga nan ta koma cibiyar bincike ta Jinja a Uganda. Da ta yi aure a 1953, dokar aikin gwamnatin mulkin mallaka ta raba ta da muƙaminta, domin a lokacin ba a barin matar aure a irin wannan aiki. Ba ta ajiye binciken ba. Ta ci gaba da shi a kogunan Guyana da ke Kudancin Amurka, kuma littafinta na 1987 kan zamantakewar kifin ƙasashe masu zafi har yau ana karanta shi. Ta rasu a 2014. Ƙannena mata, ku riƙe wannan, kada wani ya ce muku aikin ruwa na maza ne kaɗai.

Abin da ya faru a Tafkin Victoria ya isa ya nuna amfanin irin wannan aiki. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a tafkin, kifin nan da yake ɗan gida a Kogin Kwara da Tafkin Chadi, amma baƙo a can. Ya yi shekaru bai yi yawa ba, sai a shekarun 1980 ya mamaye tafkin. Ƙananan kifaye dangin karfasa da ba a samun su ko'ina a duniya sai nan, kimanin nau'i 500 ne, kuma wajen 200 suka ɓace, tsakanin farautar giwan ruwa da gurɓacewar ruwan. Da ba a samu masu binciken da suka tattara su suka rubuta su tun da wuri ba, da ba wanda zai san an yi wannan asara.

Mu ma ruwanmu yana sauyawa. Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, fari ya zo ya bar ɗan kaɗan daga ciki. Madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, alhali yawancin kifinmu sai ruwa ya hau ciyawa suke haihuwa, kachalla kuma ta toshe magudanai. Wane kifi ne ya ragu, wanne ne ya daina zuwa gaba ɗaya? Sai wanda ya zauna ya ƙirga, shekara bayan shekara, zai iya amsawa.

To, ku fara da masunta. Sarkawa da sarakunan ruwa sun san cewa gaiwa tana binne kanta cikin laka ta wuce rani tana shaƙar iska, sun san sheƙar ciyawar da yauni ke yi, sun san watan da kowane kifi ke hawowa. Ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaya da ladabi, ku rubuta sunan da suka ba ku kusa da sunan kimiyya. Suna ɗaya kamar ƙurungu yakan ƙunshi nau'o'i da dama, nan ne ƙirga ƙayoyi da duba haƙora da gashin baki za su yi muku amfani. Littafin jagora na Olaosebikan da Raji kan kifin ruwan daɗi na Nijeriya ya kamata ya kasance cikin jakarku. Ku koyi lissafin ƙididdiga da gaske, ku koyi iyo kafin ku taka kwalekwale, kada kuma ku hau babu rigar kariya.

Wahala akwai ta. Albashi ba shi da yawa, kuɗin bincike sai an sha wuya, ga sauro, ga tsargiya, ga wuraren da rashin tsaro ya hana zuwa, musamman gaɓar Chadi. Amma ƙofofi ba su rufe ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana New Bussa, kusa da Tafkin Kainji, tushenta kuwa tun 1968, shekarar da aka kammala madatsar. Ku nemi yin aikin sanin makama a can.

Wanda bai samu zuwa ba, ya zaɓi mashigi ɗaya ko kasuwar kifi ɗaya kusa da garinsu, ya riƙa zuwa ranar kasuwa da littafi da abin awo. Ya rubuta kwanan wata, da wurin da aka kamo kifin, da irin komar da aka yi amfani da ita, da tsawon kowane nau'i, ya ɗauki hoto da wayarsa. Ya ajiye kwafi a wurin malaminsa, domin littafi guda yana iya jiƙewa ko ya ɓata.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Yayanku.