Darasin Tarihi: Tashar Jirgin Ƙasa ta Madobi

Madobi maƙwabciyar Kura ce. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta Dangora da Madobi, ya haye kogin Chalawa, sannan ya shiga Kano. Tashar Madobi tana cikin ƙananan tashoshin wannan layi.

Turawan Ingila ne suka shimfiɗa layin. Sun fara aikin daga Baro, a bakin kogin Kwara, cikin 1907. Hakimai da dagatai suka riƙa tara leburori daga ƙauyuka. Dogo ya iso Kano cikin 1911, a zamanin Sarkin Kano Abbas. A 1912 aka buɗe zirga-zirga har zuwa Ikko.

Me ya sa aka gina tashoshi a ƙauye? Layin ɗaya ne tak. Idan jirage biyu suka fuskanci juna, dole ɗaya ya raɓe a tasha, ɗaya ya wuce. Haka kuma tasha ce wurin lodin amfanin gona da ɗaukar matafiya.

Auduga Turawa suka sa rai za su kwasa. Amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma ko ba a saye ta ba, ana ci. Sai suka dage da nomanta. Jirgi ya yi ta jigilar gyaɗa da fatu zuwa bakin teku, ya dawo da gishiri da atamfa da goro. Duk inda jirgi ke tsayawa, masu talla sukan samu ciniki.

Daga baya al'amura suka juya. Fari ya auka wa Arewa cikin 1973. A 1975 cuta ta lalata gyaɗa. Gwamnati ta mai da hankali ga man fetur da titunan mota. Manyan motoci suka ƙwace lodi. Jirage suka tsufa, gyara ya yi ƙaranci, ƙananan tashoshi suka yi tsit.

A daidai wannan lokaci aka gina madatsar ruwa ta Tiga, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Noman rani ya bunƙasa a Kura da Bunkure da Kadawa. Sai ga shinkafa da alkama da tumatir, amma motoci ke ɗauka, kuɗin mota kuwa da tsada.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kano zuwa Kaduna. Dogo dukiyar jama'a ce. Wanda ya kwance ƙarfen dogo ya sayar, ya jefa rayuka cikin haɗari, kuma hukuma za ta kama shi. Gini ko shuka a jikin layi ma ganganci ne.

Tambayoyi
1. A wace shekara dogo ya iso Kano?
2. Me ya sa manoma suka zaɓi gyaɗa?
3. Faɗi dalilai biyu da suka durƙusar da ƙananan tashoshi.
4. Nemi wani dattijo ya ba ka labarin tafiyarsa a jirgi, ka rubuta shi cikin layi biyar.