Yadda Ake Karɓar Koken Mai Shago Idan Allonsa Ya Faɗo Daga Bango

Allon shago, wato farantin ƙarfe ko katako da ake rubuta sunan kanti ko shagon magani ko makaranta a kansa sannan a kafe shi a bango, aiki ne da hannu uku kan taru a kansa a garuruwan Madawa da Buza da Keita: mai walda ya haɗa firam, mai fenti ya yi rubutu, wani yaron mai sana'a kuma ya hau tsani ya kafa. Shi kuwa mai shagon mutum ɗaya ya sani, wato wanda ya karɓi kafin alƙalami daga hannunsa, kuma ranar da allon ya faɗo wurin wannan mutum zai kawo kuka. Saboda haka wanda ya karɓi kuɗin aiki shi ne zai karɓi koke, ko da ba hannunsa ne ya buga ƙusar ba.

Abu na farko shi ne jaje. Mai koke yakan zo ko ya bugo waya cikin ɓacin rai, domin ban da asarar kuɗi akwai kunyar da ya sha a gaban maƙwabtansa na kasuwa, kuma idan aka tarbe shi da kare kai, maganar takan tashi daga kan allo ta koma kan mutunci, wanda ya fi wuyar gyara. Ya kamata mai sana'a ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce masa, "Sannu, Alhaji, Allah ya kiyaye gaba," ya bi da tambayoyin da ba sa jira: ko allon ya faɗa wa wani, ko akwai sauran ƙarfe da ke reto a bango, ko ya taɓa wayar wuta. Tambayar ko an yi iska jiya, ko wani ya taɓa allon, ba ta wannan lokaci ba ce, domin mai koke zai ji ta a matsayin neman hanyar zillewa. Daga nan sai a yanke masa lokacin zuwa, kamar bayan azahar ko kafin la'asar, a kuma cika, domin "ga mu nan tafe" da ba ta da lokaci ita ce kan kai ƙaramar magana gaban mai unguwa.

Idan an isa wurin, ana fara kawar da haɗari. A janye yara da masu talla daga gindin bangon, a sauke abin da ya rage yana lilo, in kuwa firam ya tsinka wayar wuta ko ya kwanta a kanta, kada kowa ya sa hannu sai an kashe wuta daga mita, ko an kira ma'aikatan kamfanin wuta na Nigelec idan wayar ta waje ce. Wanda ya ji rauni a kai shi asibiti nan take, a biya kuɗin magani na farko ba tare da jiran sanin mai laifi ba, lissafi ya biyo baya.

Mataki na uku, wanda shi ne gundarin aikin, shi ne binciken dalilin faɗuwar, kuma ana yin sa ne a gaban mai shagon, ana nuna masa abin da ake gani, bayan an ɗauki hoton bango da allo da waya kafin a motsa komai. Ramin da ƙusa ta bari ba ya ɓoye abin da ya faru. Idan ƙusar ta zare sumul, ramin ya yi faɗi kuma garin ƙasa na zuba daga cikinsa, bangon ne bai riƙe ta ba, kuma hakan aka fi gani a ginin laka da aka yi wa yaɓen siminti: yaɓen bai fi kaurin yatsa ɗaya ko biyu ba, bayansa laka ce, mai kafawa ya ji ƙusa ta kama a siminti ya ɗauka ta zauna, alhali a fatar bango kawai take. Sau da yawa yaɓen kan ɓanɓaro ya biyo allon, a bar faffaɗan tabo a jikin gini. Idan bangon na bulon siminti ne mai rami a ciki, sai a duba ko toshen robar da ake turawa cikin huda kafin a ɗaura sukuru ya faɗa cikin ramin bulon, inda ba shi da abin da zai buɗe ya kama. A Keita da Buza, inda dutse ya wadata har ake gini da shi, kuskuren da aka saba shi ne yaro ya guje wa dutsen saboda wuyar hudawa, ya kafa a tsakanin duwatsu inda laka ko siminti ne kawai. In kuwa ƙusoshin na nan daram a bango amma firam ya rabu da su, laifin yana wurin walda, kuma wajen da ya karye zai nuna: ƙarfe mai sheƙi sabuwar karaya ce, mai tsatsa kuwa ya daɗe da tsagewa. Firam na katako kuma a ƙwanƙwasa shi a ji, domin gara kan cinye cikinsa ta bar fenti a tsaye.

A nan ne maganar iska kan shigo, kuma a nan ne masu sana'a da yawa kan yi wa kansu illa. "Iska ce" amsa ce mai sauƙi, amma a wannan yanki ba ta wanke kowa, domin iska ba baƙuwa ba ce. Saboda ita ne ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya da ke gundumar Buza a 1975, kuma zaizayar ƙasa da iska da ruwa ke yi tana cikin abin da ya kawo babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984. Hunturu yakan kaɗa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu yana girgiza allo kullum har ƙusa ta saki, sannan guguwar da ke gaban hadari a farkon damina, wajen Yuni, ta zo daga gabas ta ƙarasa aikin. Ƙarfin da iska ke dannawa da shi yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninku biyu, kuma iskar da ke gudun kilomita 90 a awa tana danna kusan kilo 40 a kan kowace mita ɗaya tsawo da faɗi, wato allon mita biyu a mita ɗaya yana ɗaukar kusan kilo 80. Allon da aka bar rata tsakaninsa da bango, ko wanda ya ɗara saman ginin, iska kan shiga bayansa ta fizge shi waje, wato ta ɓangaren da ƙusa ta fi rauni. Ma'aunin adalci a nan mai sauƙi ne: a dubi layin shagunan. Idan guguwar ta yaye rufin kwano ta kayar da allunan maƙwabta, to ta wuce misali. Idan wannan allon kaɗai ya faɗo, kafi ne bai yi ba. A Madawa kuma, shagunan da ke bakin babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Birnin Ƙonni ta nufi Maraɗi, suna shan jijjigar manyan motocin albasa dare da rana, abin da mai kafawa ya kamata ya sa a lissafinsa tun farko.

Bayan an ga dalili sai a raba alhaki, a faɗe shi a fili. Idan kafi ne ko walda, gyaran gaba ɗaya na kan mai sana'a, har da yaɓen da ya ɓanɓare da kayan da allon ya fasa. Ɗora wa yaron da ya kafa laifi a gaban mai koke ba ya rage komai, kuma doka ma ba ta yarda da shi ba: kundin dokokin hulɗar jama'a na Nijar, wanda ya samo asali daga na Faransa na 1804, ya wajabta a sashe na 1382 cewa wanda kuskurensa ya jawo ɓarna ya biya, sashe na 1384 kuma ya ɗora wa mutum alhakin abin da ke ƙarƙashin kulawarsa, ya kuma ɗora wa mai sana'a alhakin ɓarnar yaran da ke koyon aiki a hannunsa. Idan mai shagon ne ya rataya wa allon fitila ko rumfa bayan an gama, ko ya sa wani ya ɗaga shi, ko an gargaɗe shi cewa bangon ba zai ɗauka ba ya nace, sai a raba: shi ya sayi kaya, mai sana'a ya yafe ladan aiki. Wannan rabo shi ne kuma ya dace da guguwar da ta wuce misali. Mai sana'ar da ya nemi a biya shi cikakken kuɗi a irin wannan hali yana iya samun kuɗinsa, amma da wuya wani a layin ya sake kiransa.

Idan za a ɗauke allon zuwa shagon mai sana'a don miƙe shi da sabunta fenti, a sani cewa a fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a yankin, akwai abin da ake kira lamunin masu sana'a, ma'ana kayan da mai sana'a ya tafi da su wurin aikinsa suna wuyansa idan suka ɓata ko suka lalace. Don haka a rubuta a takarda abin da aka ɗauka, da abin da za a yi, da wanda zai biya me, da ranar dawowa, kowa ya riƙe tasa.

Sake kafawa ba a yin sa a tsofaffin ramuka, ba a kuma yin sa da dabarar da ta riga ta gaza. A bangon laka hanya biyu ce mai ɗorewa: ko a huda bangon har ya ɓulle, a zura dogon ƙarfe mai noti, a sa faffaɗan faranti ta ciki don nauyin ya bazu, ko kuma, wanda ya fi, a rabu da bangon baki ɗaya, a kafa sandunan ƙarfe biyu a ƙasa a zuba musu kankare, allon ya hau kansu. A bulo mai rami a nemi inda kankare yake, kamar ɗaurin da ke saman ƙofa, a bangon dutse kuwa a huda dutsen kansa. In a bango aka kafa, allon ya kwanta a jikinsa ba rata, a kafe shi a kusurwa huɗu da tsakiya, a shafa wa wuraren walda fentin hana tsatsa, sannan a kira mai shagon ya kama ya jijjiga da hannunsa kafin a sauke tsani.

Idan duk da haka ba a daidaita ba, ana fara neman wani dattijo cikin masu sana'ar wanda ɓangarorin biyu suka yarda da idonsa, ya zo ya dubi ramukan da hotunan. In ta ƙi, sai mai unguwa ko fadar sarki, domin dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon yin sulhu a rigingimun al'ada da na hulɗa da na ciniki, kuma ana rubuta abin da aka cimma. Kotu ita ce ta ƙarshe, an fi zuwa can idan akwai rauni mai tsanani ko babbar asara.

Sauran aiki ɗaya da ba ya cikin koken amma daga gare shi ya fito: duk allon da yaron nan ya kafa da irin wannan ƙusa a irin wannan bango yana nan yana jiran tasa guguwar. Mai sana'a ya bi su ɗaya bayan ɗaya a watan Afrilu ko Mayu, ya ƙara ɗaure wanda ya saki, ya sauya kafin waɗanda ke kan yaɓen laka kafin hadarin farko ya taso.